Haɗa takardun lissafin rassa huɗu a ma'ajiyar intanet: nazarin abin da ya faru a wani kamfanin sayen riɗi a Kano

Kamfanin da wannan nazari ya shafa, wanda na sakaya sunansa da na ma'aikatansa, yana sayen riɗi da zoɓo daga hannun manoma da dillalai, ya tara su a sitonsa da ke kusa da kasuwar Dawanau a Kano, a tace, a sake zubawa a buhuna, sannan a yi lodi zuwa Legas. Yana da wuraren saye huɗu, wato Maigatari da Gumel da Haɗeja a Jihar Jigawa, sai kuma wanda ke bakin siton kansa. A kowane wuri akwai wakili mai ciniki da kuma ƙaramin akawu mai rubuta abin da aka auna a sikeli da abin da aka biya. A babban ofis akwai manaja da babban akawu, a samansu kuma akwai mai kamfanin, wanda kowa ke kira Alhaji, kuma tambayoyinsa na kowane dare ba sa wuce uku: kilo nawa aka saya yau, kuɗi nawa ya rage a hannun kowane wakili, kuma kaya nawa ke jibge a kowane wuri yana jiran mota. Duk aikin da aka kira ni in yi a kansa bai wuce samar da amsar waɗannan tambayoyi a takarda ɗaya ba, ba tare da an bi wakilai ɗaya bayan ɗaya da kiran waya ba.

Tsarin da na tarar

Kafin zuwana, babban akawu ya riga ya yi nasa ƙoƙarin, kuma ya kamata a faɗa cewa tunaninsa daidai ne ko da yake kayan aikin ba su dace da yanayin ba. Ya buɗe folda ɗaya a Dropbox, wata ma'ajiyar fayiloli ta intanet, ya ba kowane reshe fayil ɗin Excel nasa a cikin ƙaramar folda ta daban, sannan ya gina wata takarda ta biyar da ma'aikata ke kira uwar takarda, wadda ke janyo jimilla daga sauran huɗun ta hanyar mahaɗi, wato umarnin da ke ɗebo lamba daga wani fayil zuwa wani. A kan kwamfutarsa komai yana tafiya lafiya, domin a can aka gina mahaɗan, kuma yakan buɗe fayilolin biyar a tare in zai yi aiki.

Matsalar takan kunno kai ne da zarar wani daban ya buɗe uwar takardar. Mahaɗin Excel yana dogara ne da inda fayil yake zaune a cikin kwamfuta, kuma idan takardun biyu suna folda ɗaya yakan gano ɗan'uwansa ba wahala. A nan kuwa fayilolin suna warwatse a foldoji daban-daban, manaja ya ajiye tasa foldar Dropbox a wani sashe na kwamfutarsa da ba shi ne na akawu ba, kuma yana da al'adar kwafo uwar takardar zuwa fuskar kwamfutarsa don ya same ta kusa. Sakamakon haka mahaɗan sukan tafi neman fayil a hanyar da ke ɗauke da sunan akawu, hanyar da babu ita a kwamfutar manaja. Bayan wannan, yawancin jimillolin an gina su ne da SUMIF, fomular da ke tara lambobi bisa sharaɗi, ita kuwa wannan fomula ba ta karanta fayil ɗin da yake rufe, sai ta cika gurbin da alamar kuskure ta #VALUE! da zarar an sabunta mahaɗan. Da manaja ya ga haka sau biyu sau uku, sai ya daina danna maɓallin sabuntawa gaba ɗaya, tun da duk ranar da bai danna ba yakan ga lambobi a tsare ba tare da wata alamar kuskure ba. Abin da bai sani ba shi ne, Excel yana riƙe lambobin da ya gani na ƙarshe yana nuna su, ko da sun kwana uku.

Haka aka tura tirela zuwa Maigatari don ɗauko kayan da uwar takarda ta nuna suna nan, alhali wata ƙaramar mota ta kwashe fiye da rabinsu kwana biyu kafin nan, kuma akawun reshen ya rubuta hakan a nasa fayil ɗin yadda ya kamata. An biya kuɗin mota, an biya 'yan dako, direba ya dawo da lodin da bai kai rabi ba. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sakaci da rubutu, takarda ce kawai ta nuna jiya a matsayin yau.

Akwai kuma wata damuwa da Dropbox kansa. Idan mutum biyu suka gyara fayil ɗaya a lokaci guda, ko wani ya gyara ba sabis sannan ya dawo kan intanet, Dropbox ba ya cakuɗa gyare-gyaren, sai ya ajiye kwafi na biyu mai ɗauke da suna da kwanan wata don kada a yi asarar aikin kowa. A foldar Haɗeja na tarar da irin waɗannan kwafi guda bakwai, kuma akawun reshen ya shafe mako guda yana rubutu a ɗaya daga cikinsu, mahaɗin uwar takarda kuwa yana kallon na asali.

Abin da aka zaɓa da dalilinsa

Na duba yiwuwar komawa OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, inda Excel ke barin mutane da yawa su yi rubutu a fayil ɗaya a lokaci guda. Sai dai kwamfutocin ofis ɗin suna ɗauke da Excel na 2010 da na 2013, waɗanda ba su da wannan damar, akawunan rassa kuma da waya suke aiki ba da kwamfuta ba. Saboda haka muka koma Google Sheets, takardar lissafi ta Google da ke zaune a ma'ajiyarsa ta Google Drive, musamman don wani bambanci guda da ya warware matsalar hanya daga tushe: kowane fayil a Google Drive yana da lambar shaida tasa a cikin adireshinsa na intanet, kuma lambar ba ta canjawa ko an sauya wa fayil ɗin suna ko an ɗauke shi daga wannan folda zuwa waccan. Mahaɗin da ke bin wannan lamba babu ruwansa da sunan mai kwamfuta ko inda ya ajiye foldarsa. Asusun Google na kyauta yana zuwa da gigabait 15, wanda ya ishi irin waɗannan takardu shekaru masu yawa.

Shawarata ta farko ita ce a yi fayil ɗaya kacal mai shafi huɗu, kowane reshe da shafinsa, domin mahaɗin da ya fi kowane ƙarfi shi ne wanda ba a buƙace shi ba tun farko. Alhaji bai yarda ba, kuma hujjarsa ta fi tawa. Ya ce mini, "Malam, in wakilin Gumel ya ga farashin da na ba na Maigatari, gobe da safe zai kira ni ya ce a daidaita su, ni kuwa na san dalilin da ya sa ba ɗaya ba ne." Ɓoye shafi ba ya magance wannan, domin duk wanda ke da ikon gyara fayil yana iya bayyana shafin da aka ɓoye. Don haka dole kowane reshe ya zauna da fayil ɗinsa, wanda shi kaɗai da babban ofis ke gani. Na kuma watsar da tunanin amfani da Google Forms don shigar da bayanai, saboda fom ɗin ba ya aiki sai da intanet, sabis kuwa a bakin sikeli ranar kasuwa ba abin dogaro ba ne.

Tsarin da muka tsaya a kai shi ne, kowace takardar reshe tana da shafi mai suna Saye da layukan tsaye bakwai, daga A zuwa G: kwanan wata, sunan mai kaya, irin kaya, yawan buhu, nauyi a kilo, farashin kilo, da jimillar kuɗi. Uwar takarda tana janyo waɗannan layuka da fomular IMPORTRANGE, wadda ake ba ta abu biyu, adireshin fayil ɗin da za ta ɗebo daga ciki da kuma yankin da za ta ɗebo, misali daga gurbin A2 zuwa ƙarshen layin G. A karon farko fomular takan nuna alamar kuskure ta #REF! har sai wani mai izinin shiga fayilolin biyu ya danna maɓallin ba da izini. Sai na jera abin da aka ɗebo daga rassan huɗu a ƙarƙashin juna, na ɗora fomular QUERY a kai don ta watsar da layukan da ba komai a ciki ta kuma fitar da jimillar kowane reshe. Bayanai suna tafiya ta fuska ɗaya, daga rassa zuwa uwa, kuma babu mai rubuta komai da hannu a uwar takarda. Kuɗin da aka tura wa wakilai suna wata takarda ta babban akawu, ita ma uwar takarda ce ke janyo ta don a cire abin da aka kashe a ga saura.

Layin da aka saka a Gumel

Makonni uku na farko sun tafi ba tare da ƙorafi ba. A mako na huɗu wakilin Gumel ya fara kira yana cewa kuɗi sun ƙare a hannunsa, masu kaya suna juyawa zuwa wajen wasu masu saye, uwar takarda kuwa tana nuna cewa kusan duk abin da aka tura masa yana nan bai taɓa ba. Manaja ya gaskata takarda, ya ƙi tura ƙari, har magana ta fara ɗaukar wani salo da bai kamata a jefi mutumin da ya shekara da shekaru yana riƙe amanar kamfanin da shi ba. Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna a dukkan aikin, domin tsarin da na gina ne ya sa aka yi zargin mai gaskiya.

Da na buɗe takardar Gumel sai na ga layukan tsaye takwas maimakon bakwai. Na kira akawun reshen, wani matashi mai natsuwa da kula da aikinsa, na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Yallaɓai, ai manaja ne ya ce a riƙa cire ragin ƙasa da tsakuwa daga nauyin kowane buhu, shi ne na buɗe masa layi kusa da na kilo don kada ya ɓace mini." Abin da ya yi shi ne abin da duk akawu nagari zai yi a littafin takarda: ya ja layi a inda ya dace. Sai dai yankin da ake ba IMPORTRANGE rubutu ne kawai a cikin alamar zance, ba ya motsawa in an saka sabon layi a fayil ɗin asali, ba kamar fomular da ke cikin fayil ɗaya ba, wadda ke gyara kanta. Da ragin ƙasa ya shiga layin F, sai farashi ya koma G, jimillar kuɗi ta koma H, wato ta fita daga yankin da ake ɗebowa. Uwar takarda ta ci gaba da tara layi na bakwai kamar yadda aka umarce ta, amma yanzu farashin kilo ɗaya take tarawa a matsayin kuɗin da aka kashe. Cinikin da aka biya miliyoyi a kansa sai ya bayyana a matsayin 'yan dubbai. Tun da duka layukan lambobi ne, babu gurbin da ya nuna alamar kuskure.

Laifin nawa ne, domin na ba mutane takarda a buɗe ban gaya musu cewa tsarin layukanta alkawari ne tsakaninta da wata takarda da ba sa gani ba. Gyaran da na yi kashi uku ne, kuma na biyun ne nake ganin ya fi amfani. Na kulle shafin Saye a kowane reshe, na bar guraben shigar da bayani kawai a buɗe, muka kuma yi yarjejeniya cewa duk sabon layi ni ko babban akawu ne zai ƙara shi, a ƙarshen dama, a dukkan rassa huɗu a rana ɗaya. Sannan na sa uwar takarda ta riƙa janyo kanun layukan kowane reshe tana kwatanta su da kanun da ake tsammani, in ɗaya ya saɓa sai gurbin jimillar wannan reshe ya rine ja ya rubuta cewa an taɓa tsarin takarda, ya ƙi nuna kowace lamba. Gara Alhaji ya ga gurbi ja ya ɗauki waya da ya ga lamba mai kyan gani ya yanke hukunci a kanta. Na uku, na ƙara wani gwaji da ke ninka kilo da farashi a nan uwar takarda ya kwatanta da jimillar da ta zo daga reshe, in tazarar ta yi yawa shi ma ya yi ja. Ragin ƙasar da ya jawo duk wannan ya samu layinsa a rassan huɗu, domin buƙatar da ta sa aka buɗe shi ta gaskiya ce. Manaja kuma ya je Gumel da ƙafarsa ya ba wakilin haƙuri.

Ƙananan kurakurai masu ɓoye kansu

Da na zauna bin takardun layi-layi bayan wannan, sai na tarar da wasu ɓarakar guda uku da ke tafiya shiru. Akawun Haɗeja yakan rubuta nauyi wani lokaci da lamba zalla, wani lokaci ya liƙa mata haruffan kilo, in kuma ba a biya mai kaya ba sai ya rubuta kalmar bashi a gurbin kuɗi. QUERY tana ɗaukar kowane layin tsaye a matsayin iri ɗaya, ko lamba ko rubutu, gwargwadon wanda ya fi yawa a ciki, sauran kuma ta ɗauke su kamar babu komai a gurbin. Saboda haka duk nauyin da aka liƙa wa haruffa ya ɓace daga jimilla. Na sa wa guraben ƙa'idar ƙin karɓar komai sai lamba, na buɗe wa bashi layinsa na daban.

Kwanan wata ya fi wannan wuyar gyara. Biyu daga cikin takardun an buɗe su ne da tsarin Amurka, inda wata ke zuwa kafin rana, don haka 3/11 da akawu ya rubuta yana nufin 3 ga Nuwamba sai takarda ta karanta shi 11 ga Maris, 25/11 kuwa, da yake babu wata na 25, sai ta bar shi a matsayin rubutu kawai. Ranaku goma sha biyu na farkon wata sun juye, sauran sun fita daga lissafi. Mayar da tsarin fayil zuwa na Birtaniya yana gyara abin da za a rubuta nan gaba ne kawai, wanda aka riga aka rubuta sai da muka bi shi da littafin rasit a hannu har tsawon yini biyu. Na ukun shi ne lambar asusun banki mai lamba 10 da lambar waya mai lamba 11, waɗanda takarda ke yanke musu sifilin farko in ba a mayar da gurbin na rubutu zalla ba.

Izini da mallaka

Batun lambobin asusu ya kai ni ga wani abu da ban yi tunaninsa da farko ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da dole ta sa aka koma biyan manoma da dillalai ta banki, kowace takardar reshe ta samu shafi na biyu mai ɗauke da sunayen masu kaya da lambobin wayarsu da na asusunsu. A ƙa'idar Google, da zarar an ba wata takarda izinin janyowa daga wata, duk mai ikon gyara takardar da ke karɓa yana iya rubuta tasa fomular ya ɗebo kowane yanki na takardar asali, har da shafukan da ba a yi niyyar nuna masa ba. A lokacin mutum shida ne ke da ikon gyara uwar takarda, ciki har da mai kula da motoci, wanda aka ba shi don kawai ya ga inda kaya suka taru. Ba ni da wata shaida cewa wani ya yi amfani da wannan kafa, amma a buɗe take, kuma ta rushe katangar da Alhaji ya nemi a gina tsakanin rassa. Bayan haka, waɗannan bayanan na mutane ne da suka ba da su don a biya su kuɗinsu, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irinsu nauyin kiyaye su. Na kwashe bayanan banki zuwa wata takarda da ba a haɗa ta da kowace ba, na rage masu ikon gyara uwar takarda zuwa biyu, sauran suka koma masu kallo kawai, aka kuma rufe musu damar saukewa ko kwafa.

Darasin mallaka ya zo ne da tafiyar babban akawu, wanda ya samu wani aiki ya bar kamfanin cikin mutunci. Ranar da manaja ya cire sunan akawun daga takardun rassa, guraben Maigatari da Gumel suka koma #REF! nan take, domin izinin haɗi yana rataye ne a wuyan wanda ya danna maɓallin, kuma yana faɗuwa da zarar an cire shi daga takardar asali. Wannan bai ɗauke ni minti goma ba, tun da kuskure ne mai nuna kansa: na shiga da asusun Google na kamfanin na sake ba da izinin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda manaja ya kasa cire shi daga takardar Haɗeja. Ashe watanni biyu kafin nan, da takardar ta fara nauyi, babban akawun ya kwafe ta a asusunsa na kansa, ya share tsofaffin layuka, ya ba reshen sabuwar, ya gyara adireshin a uwar takarda, duk da kyakkyawar niyya. Kwafi sabon fayil ne mai sabuwar lambar shaida, kuma mallakar wanda ya kwafa ne. Da a ce wata rana ya zauna share tarkacen tsohon aiki daga asusunsa, da takardar ta faɗa kwandon shararsa, wanda Google ke kwashewa bayan kwana 30, kamfanin kuma ba shi da hanyar dawo da ita da kansa. Na kira shi, ya miƙa mallakar ga asusun kamfanin a daren, muka karɓa.

Maganin da ya fi dacewa da wannan shi ne rumbun haɗaka da ke cikin Google Workspace, inda fayil yake zama mallakar ƙungiya ko da wanda ya buɗe shi ya tafi. Na ba da wannan shawara kuma har yanzu ina kanta, amma tsarin na biya ne a kan kowane ma'aikaci duk wata, Alhaji kuma bai ga dalilin ɗaukar wannan nauyi a kan aikin da ke da zafi watanni kaɗan a shekara ba. Abin da muka yi a madadinsa shi ne, asusun kamfanin kaɗai ke buɗe sabuwar takarda kuma shi kaɗai ke ba da izinin haɗi, an sa masa tabbaci mai mataki biyu da wayar Alhaji, an kuma rubuta lambobin ko-ta-kwana, waɗanda ake shiga asusun da su in babu wayar, a takarda an ajiye a sef. Akwai kuma shafin rajista a uwar takarda da ke lissafa kowane fayil da adireshinsa da mai shi da wanda ke da ikon gyara shi, ana duba shi a farkon kowane wata.

Sabis da tambayar yaushe

Matsalar da aka fara da ita, wato takarda ta nuna jiya a matsayin yau, ba ta tafi don an sauya kamfani ba, kamanni kawai ta sauya. Manhajar Sheets ta waya tana barin mutum ya yi rubutu ba intanet in ya riga ya ajiye fayil ɗin a wayarsa, sai ta aika in sabis ya dawo. A Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke ci kuma aka fi saye, akawu yakan wuni yana rubutu ba tare da layi ɗaya ya isa Kano ba, uwar takarda kuwa ba ta iya nuna abin da bai iso ba. Don haka na sa wa kowace takardar reshe gurbi guda a sama inda akawu ke rubuta rana da lokacin da ya rufe lissafi, uwar takarda ta janyo shi ta ajiye shi gefen jimillar reshen, in ranar ba ta yau ba ce sai gurbin ya koma rawaya. Wannan ɗan gurbin ya fi dukkan fomulolin da na rubuta rage rigima, domin yanzu kowace lamba tana zuwa da shekarunta. Littafin rasit mai kwafi bai bar bakin sikeli ba, kuma duk ranar da takarda da littafi suka saɓa, littafi ake bi.

Game da nauyi, Google Sheets yana ɗaukar gurabe har miliyan 10 a fayil ɗaya, amma wayar akawu takan fara jan ƙafa tun kafin a je ko kusa da haka, don haka kowace kaka ana buɗe sababbin takardu, a kulle na bara a mayar da su na kallo. Na kuma hana a riƙa janyowa daga uwar takarda zuwa wata takarda ta uku, domin kowane mataki da aka ƙara yana ƙara jinkiri da wurin tsinkewa. Da mai kula da motoci ya nemi tasa takardar, shafi na buɗe masa a cikin uwar.

A kakar da ta biyo baya an ƙara wurin saye na biyar. Sabon babban akawu ne ya haɗa shi da kansa, ya kwafi takardar samfuri daga asusun kamfanin, ya ba da izinin daga can, ya rubuta ta a shafin rajista, ni kuma na duba daga baya ban samu abin gyara ba. Gurbin kanun layuka ya yi ja sau ɗaya a wannan kakar, ranar da wani ya sauya sunan layin nauyi, aka gano kafin la'asar. Gurbin rana kuwa yana yin rawaya kusan kowace Alhamis a gefen Maigatari, kuma in Alhaji ya buɗe wayarsa bayan sallar isha'i ya gan shi haka, sai ya kira wakilin ya ji jimilla daga bakinsa, da safe in sabis ya dawo a kwatanta da abin da ya iso.